Rabon Wuta a Mai Wurno

Shekara talatin da ɗaya na yi ina hawan falwaya
tsakanin Sinnar da Mai Wurno.
Da kunne nake gane taransifoma ta gaji:
nishi take irin na raƙumin da aka ɗora wa kayan biyu.
Ƙaramin yatsana na hagu ya tafi a aikin nan,
ban bi bashinsa ba.

Yau Intisar ta ce, Baba, zo ka ga inda nake wuni.
Ɗaki ne mai sanyi, ba warin baƙin mai,
ba filaya, ba tsani,
sai allon gilashi da ya cinye bango guda,
garinmu kwance a kansa kamar jijiyoyin bayan hannu,
kore a nan, ja a can.

Ta ce, ga gonar rana.
Na san wurin, can muka yi kiwon awaki muna yara.
Yanzu baƙaƙen faranti ne sahu-sahu
sun ɗaga fuska sama kamar masu roƙon ruwa,
su kuwa ruwan ne ba sa so.

Uku da kwata na'ura ta yi gyaran murya.
Wai hadari na tafe daga wajen Damazin,
nan da minti ashirin zai rufe rana.
Na leƙa taga. Sama fes. Na yi dariya.
Gwiwata ma, da ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, shiru.
Minti goma sha takwas, inuwa ta sauka kan kogi.
Ban ce uffan ba.
Ita ma, 'yar albarka, ba ta waiwayo ba.

Kafin in haɗiye yawu batura sun karɓi kaya,
an roƙi madatsa ta ƙaro abin da ya samu,
famfunan gonakin auduga suka sassauta gudu.
Ba wanda ya hau babur, ba wanda ya yi ihu a waya.
A zamaninmu da tuni fankoki sun tsaya
ana ambaton iyayenmu a kasuwa.

Kakana ya ce da suka taso daga Sakkwato a ƙafa
da niyyar Makka, salka ɗaya ce ga mutum tara.
Mai rabo ba ya sha sai kowa ya sha,
kuma ya san wa ke zazzaɓi, wa ke shayarwa.
A bakin kogin nan tafiyar ta tsaya.
Rabon ne bai tsaya ba.

Hadari ya ƙi wucewa, batura suka fara rama.
Na'ura ta rubuto: a yanke layi na bakwai,
shi ne mafi ƙarancin asara.
Intisar ta ɗora yatsa.
Na ce, dakata.
Layi na bakwai da hannuna na ja shi.
Can ƙarshensa, bayan injin niƙa, gidan Awadiyya ne,
ɗanta da wani ɗan inji yake numfashi tun azumin bara.
Ba a rubuce yake ba. Wa zai rubuta?

Ta dube ni, ta dubi allo.
Ta yanke na huɗu, layin ofisoshi,
har da na shugabanta.
Sannan ta buga sunan yaron harafi-harafi,
ta ce, yanzu ta sani, ba za ta manta ba
ko bayan ranka.
Har yanzu ban tantance ko daɗi na ji ba.

Da magariba muka fito, ƙasa na ƙamshin ruwa.
Mai shayi ta kunna ƙwanta guda a gindin darbejiya.
Intisar ce ta biya.
A kwanar gidanmu na kara kunne a jikin falwaya,
sabo, turken wawa.
Ta sama tana nishi ƙasa-ƙasa.
Na ce, gobe ki tambayi allonki labarin wannan.
Ta ce, ya faɗa mini tun ran Talata, Baba.
Mai hawa ne ba mu da shi.